Yadda Ake Bibiyar Kasuwannin Kuɗi na Duniya Daga Kano Kafin a Zuba Jari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Wapa da hantsi, ya ga farashin dala ya sauya tsakanin gaisuwa da ƙirga kuɗi, ya san cewa ba a Fagge kaɗai ake yanke wannan farashi ba. Ɗan Kantin Kwari da ke jiran kwantena daga ƙasar Sin, da mai sayen riɗi a Dawanau, da uwargidan da ta mayar da kuɗin adashinta sarƙar gwal, dukkansu suna cikin kasuwar duniya ko sun sani ko ba su sani ba. Na fara sayen hannun jari tun kafin rugujewar kasuwa ta 2008, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da nake bi kowane mako don sanin inda iska ta dosa kafin in taɓa kuɗina.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne littafin rubutu mai bango mai kauri, irin wanda ake rubuta bashi a shago, da biro da abin ja layi. Na biyu waya ce mai shiga intanet, kuma ba sai mai tsada ba, domin lambobi kawai za ka duba. Idan babu data, labaran kasuwanci na rediyo da kiran ɗan canjin da ka amince da shi za su ba ka rabin abin da kake bukata. Sai kalandar bango wadda za ka riƙa yi wa alama, da na'urar lissafi, ko da ta cikin waya ce. Don buɗe asusun hannun jari kuwa, ka tanadi lambar BVN, da lambar katin ɗan ƙasa, da asusun banki mai sunanka, da hoton fasfo, da takardar da ke nuna adireshinka, kamar ta kuɗin wuta.

Mataki na 1: Ware kuɗin da za su iya jira

Kada ka taɓa uwar kuɗin shagonka, ko kuɗin haya, ko na makarantar yara, ko na kayan ɗakin da aka riga aka sa wa rana. Kuɗin da za a zuba a kasuwar hannun jari su ne waɗanda za ka iya mantawa da su shekara uku zuwa biyar ba tare da tukunyar gida ta sauka ba. Kuma kada ka ci bashi don wannan. A farkon 2008 na karɓi rance na sayi hannun jarin wani banki saboda kowa a majalisarmu yana saye, sai kasuwar Legas ta fara gangarowa daga watan Maris, bankin Lehman Brothers na Amurka ya rushe a watan Satumba, kafin shekara ta zagayo ma'aunin kasuwarmu, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannun jari gaba ɗaya, ya zubar da fiye da rabin darajarsa. Hannun jarin ya narke, bashin kuwa yana nan daram, kuma na ɗauki shekaru ina biya.

Mataki na 2: Ja layuka a littafinka

A kowane shafi ka ja ginshiƙai takwas. Na farko kwanan wata, sauran kuma farashin gangar ɗanyen mai samfurin Brent, farashin ozar zinari (oza ma'aunin nauyi ce, giram 31.1), farashin dala a hukumance kamar yadda Babban Bankin Najeriya ke wallafawa, farashin dala a Wapa, farashin sefa, ma'aunin S&P 500 wanda ke nuna halin manyan kamfanonin Amurka kusan 500, da kuma babban ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas, wato NGX. Ranar Asabar da safe ce ta fi dacewa da cike layin, saboda kasuwanni sun rufe tun daren Juma'a, lambobin sun tsaya cik. Aikin bai wuce minti goma sha biyar ba.

Masu farawa kan yi kuskuren duba farashi sau ashirin a wuni, su firgita da safe su yi murna da yamma. Lambar rana ɗaya ba ta faɗa maka komai. Sai ka tara layi goma sha biyu, wato wata uku, kafin idonka ya fara gane ko abu hawa yake yi ko sauka. A wannan wata ukun kada ka sayi komai. Sefa kuwa na sa ta ne saboda an ɗaure ta da kuɗin Turai, yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, don haka mai hulɗa da Maraɗi ko Damagaram yana ganin motsin yuro ne a duk lokacin da ya tambayi farashinta.

Mataki na 3: Fara karatu daga Babban Bankin Amurka

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin yawancin cinikin duniya da bashin ƙasashe da dala ake yin su, kuma wanda ke tsayar da kuɗin ruwan dala shi ne Babban Bankin Amurka. Kwamitinsa na zama sau takwas a shekara. Idan ya ɗaga kuɗin ruwa, manyan masu jari sukan janye dukiyarsu daga ƙasashe irin namu su mayar da ita Amurka, inda za su sami riba mai kauri ba tare da fargaba ba. Dala sai ta yi ƙarfi, kuɗaɗen ƙananan ƙasashe su yi rauni, bashin da gwamnatoci da kamfanoni suka ci da dala ya ƙara nauyi. Idan ya rage, sau da yawa akan ga akasin haka.

An ga wannan ƙarara ba da daɗewa ba. Hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yunin 2022, bankin kuma ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a watan Maris na wannan shekara har zuwa tsakanin kashi 5.25 da 5.5 a watan Yulin 2023, bai fara ragewa ba sai a watan Satumban 2024. A shekarar 2022 ma'aunin S&P 500 ya faɗi da kusan kashi 19, ƙasashe masu tasowa da dama kuma suka shiga ƙuncin dala. Ƙasar Ghana a ƙarshen wannan shekarar ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje.

Ba sai ka karanta doguwar sanarwar bankin ba. Tambaya biyu kawai za ka amsa a gefen littafinka: an ɗaga, an rage, ko an bar shi yadda yake? Sannan shugaban bankin ya nuna alamar ina za a dosa a zama na gaba? Ta biyun ta fi ta farkon muhimmanci, saboda 'yan kasuwa kan riga su yi ciniki bisa abin da suke zato tun kafin sanarwa ta fito. Shi ya sa wani lokaci za ka ji an rage kuɗin ruwa amma kasuwa ta faɗi, don an yi tsammanin ragin zai fi haka. Wanda bai san wannan ba sai ya ce kasuwa hauka take yi.

Bayan na Amurka sai ka dubi namu. Kwamitin manufofin kuɗi na Babban Bankin Najeriya yakan zauna kusan duk bayan wata biyu a Abuja. A cikin 2024 ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5. Ko da kai ba ka hulɗa da ruwa, wannan lamba ta shafe ka, domin idan ta hau, kamfanonin da ke aiki da rancen banki ribarsu kan ragu, manyan masu kuɗi kuma sukan karkata zuwa takardun bashin gwamnati.

Mataki na 4: Haɗa farashin mai da naira

Mafi yawan dalar da Najeriya ke samu daga kayan da take fitarwa daga ɗanyen mai da iskar gas take fitowa. Lokacin da ganga ta gangaro daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a watan Janairun 2016, tattalin arzikin ƙasa ya shiga karaya a wannan shekarar, dala ta yi wuyar samu, masu shigo da kaya suka sha jira. Saboda haka idan ginshiƙin mai a littafinka ya yi mako takwas yana sauka, ka sa ido kan ginshiƙin Wapa.

Sai dai kada ka ɗauka cewa tashin mai kullum alheri ne. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ganga ta haura dala 120, amma naira ba ta ji daɗin hakan ba, saboda satar mai ta ja yawan abin da ake haƙowa ƙasa sosai, tallafin fetur kuma ya cinye abin da ya shigo. Don haka farashi rabin labari ne, ɗaya rabin shi ne ganga nawa ake haƙowa a rana, kuma ƙungiyar OPEC tana wallafa wannan adadi kowane wata. Ka kuma lura da tazarar da ke tsakanin farashin dala na hukuma da na Wapa. Idan tazarar ta yi faɗi ta ƙi rufewa, tarihi ya nuna cewa na hukumar ne ke biyo na kasuwa, kamar yadda aka gani a watan Yunin 2023 lokacin da aka sake wa naira mara, ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya, kafin watan Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500.

Wannan faɗuwa ta raba kamfanoni gida biyu, kuma darasin yana da amfani ga mai zaɓen hannun jari. Waɗanda ke da bashin dala ko suke sayo kayan aikinsu daga waje sun tafka asara a 2023, ciki har da MTN Nigeria da Nestlé Nigeria, alhali bankunan da ke riƙe da dala sun bayyana riba mai yawa. Kafin ka sayi kowane kamfani, ka tambayi kanka: idan dala ta ƙara tashi, wannan kamfani kuka zai yi ko dariya?

Mataki na 5: Leƙa ƙasar Sin da hanyar teku

Wannan ba ya bukatar ginshiƙi, sauraro kawai yake so. Ƙasar Sin ce ta fi kowa sayen ɗanyen mai daga waje, kuma tana cikin manyan masu sayen riɗi, don haka idan masana'antunta suka yi sanyi, mai da kayan gona sukan ji a jikinsu. Kuɗin dakon kwantena ma yana shiga farashin kaya, kamar yadda ya faru daga ƙarshen 2023 da hare-hare a Bahar Maliya suka sa jiragen ruwa da yawa suka riƙa zagayawa ta kudancin Afirka. A wannan fanni abokinka na Kwari ko na Singa ya fi jarida saurin labari.

Mataki na 6: Yi wa kalanda alama

Ka sa alama a ranakun zaman manyan bankunan biyu, waɗanda ake wallafawa tun farkon shekara. Sanarwar Amurka takan fito da ƙarfe bakwai ko takwas na dare agogonmu, gwargwadon sauyin agogonsu na bazara da hunturu, wato bayan magariba. Kasuwar New York tana buɗewa da ƙarfe biyu da rabi ko uku da rabi na rana. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi wajen tsakiyar kowane wata, Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuma yana fitar da babban hasashensa a watan Afrilu da Oktoba. Amfanin alamar shi ne ka guji saye ko sayarwa a jajibirin sanarwa, lokacin da farashi ke rawa ba dalili.

Mataki na 7: Auna ribarka da mudu na gaskiya

Nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. A ce ka zuba naira miliyan ɗaya a farkon 2024, a ƙarshen shekara ta zama miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. A takarda ka ci ribar kashi 20. Amma hauhawar farashi a watan Disamban 2024 ta kai kashi 34.8, ma'ana kana bukatar naira 1,348,000 kafin ka sayi abin da miliyan ɗaya ke saya a bara. Asara ka yi, ba ka dai gan ta ba ne. Haka idan aka auna da dala: miliyan ɗaya a kan canjin 460 ta kai wajen dala 2,170, amma ko ta ninka ta zama miliyan biyu, a kan canjin 1,500 dala 1,333 ce kawai. Duk bayan wata uku ka yi wannan lissafi kashi biyu. Idan ba ka sami alƙaluman hukuma ba, ka auna da buhun shinkafa ko na siminti: buhu nawa kuɗinka ke saye a da, nawa suke saye yanzu?

Mataki na 8: Zaɓi inda za ka sa kuɗin

Ga mafi yawanmu a Kano tambayar halas ce ke gaba da ta riba, kuma an yi sa'a akwai hanyoyi. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fara fitar da sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari marar ruwa, a 2017, na naira biliyan 100, don gina tituna, kuma mai shi kuɗin haya yake karɓa duk wata shida. Akan fara saye daga naira dubu goma, sai dai ba kullum ake buɗe shi ba, don haka ka roƙi bankinka ko dillalinka ya sanar da kai. A hannun jari kuma, akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic wanda ke tattara kamfanonin da suka tsallake tantancewar shari'a, kuma jerin sunayensa wuri ne mai kyau na farawa. Ƙa'idar da AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain, ta shimfiɗa ita ce a fara cire kamfanonin giya, caca da bankunan ruwa, sannan bashin ruwan kamfani kada ya wuce kashi 30 na darajarsa, kuɗin shigar da ba su halatta ba kada su wuce kashi 5, wannan ɗan kason ma a fitar da shi sadaka. Inda ka yi shakka, ka kai wa malamin da ya san fikihun ciniki.

Gwal kuwa iyayenmu mata sun riga mu gane shi. Ozarsa ta haura dala 2,000 a 2020, ta haura 3,000 a watan Maris na 2025. Ga yadda za ka san ko farashin da aka faɗa maka ya yi daidai. Oza ɗaya giram 31.1 ce. A ce oza tana dala 3,110, to giram ɗaya dala 100 ke nan, a kan canjin 1,500 kuma naira 150,000. Wannan farashin tsantsar zinari ne mai karat 24. Idan sarƙar mai karat 21 ce, sai ka ninka da 0.875, ta zama naira 131,250. Abin da ya hau kan haka kuɗin ƙira ne da ribar mai shago, kuma ranar sayarwa ba za a biya ka su ba, shi ya sa mai niyyar ajiya ya fi kyau ya nemi ƙira mai sauƙi, marar duwatsu, ya kuma karɓi rasit mai nuna nauyi da karat. Gwal ma yana faɗuwa: bayan 2011 ya yi shekaru yana ƙasa.

Ni ra'ayina shi ne mai farawa ya raba kuɗinsa gida uku, sukuk da hannun jari da gwal, ko da rabon bai zo daidai ba, domin ba safai ukun ke faɗuwa tare ba. Hannun jarin Amurka ta manhajar waya yana yiwuwa, amma ka sani cewa ana cire harajin kashi 30 daga rabon ribar da kamfanoninsu ke biyan ɗan Najeriya, alhali a nan gida kashi 10 ne.

Mataki na 9: Tantance dillali kafin ka miƙa ko sisi

Ba a sayen hannun jari sai ta hannun dillali mai lasisi. Ka shiga shafin Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari ta Ƙasa, wato SEC, ka nemi sunan kamfanin a jerin masu rajista. Takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce, kuma da ita 'yan damfara suka fi rufe idon jama'a. Dillali na gaskiya zai buɗe maka asusu a ma'ajiyar CSCS, inda ake adana bayanan masu hannun jari, a ba ka lambarka ta kanka, hannun jarin ya zauna da sunanka. Ka cike takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa faɗawa asusun bankinka kai tsaye, kuma kada ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko da ma'aikacin kamfanin ne.

Duk wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya mai yawa kowane wata, ko ya ce sai ka kawo mutum biyu kafin kasonka ya ƙaru, ka tashi ka ba shi wuri. MMM ta daskarar da asusun mutane a watan Disamban 2016, CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, kuma salon bai sauya ba, sunan ne kawai ke sauyawa. Haka cinikin canji na intanet da matasa ke kira foreks, inda ake ba ka damar juya ninki ɗari na kuɗinka: idan farashi ya motsa da kashi ɗaya kacal ba ta inda kake so ba, uwar kuɗin ta tafi.

Mataki na 10: Saye kaɗan-kaɗan, da abin yi ranar firgici

Ka tsayar da adadin da za ka iya kowane wata, kamar zubin adashi, ka riƙa saye da shi ko kasuwa ta hau ko ta sauka. A shafin ƙarshe na littafin ka rubuta dalilin sayen kowane abu da sharaɗin da zai sa ka sayar, tun hankalinka yana kwance. Ranar firgici za ta zo. A watan Fabrairu da Maris na 2020 ma'aunin S&P 500 ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku a cikin mako biyar, amma kafin ƙarshen watan Agusta ya koma inda yake, wanda ya sayar a tsakiyar ruɗanin shi ya tabbatar da asararsa. Kasuwar Legas kuwa ta ɗauki shekaru fiye da goma sha biyar kafin ta sake taka matsayinta na 2008, don haka ba kowace faɗuwa ce ke saurin warkewa ba. A irin wannan rana ka buɗe shafin ƙarshe ka duba: dalilin da ya sa ka saya ya rushe ne, ko farashi ne kawai ya sauka? Idan kamfanin ya daina riba, ko bashin dala ya danne shi, ka sayar ko da asara. Idan ba haka ba, ka rufe littafin sai Asabar.

A wannan shafin ne kuma za ka rubuta ranar da shekarar zakkarka ke cika, domin gwal da kuɗi da jarin ciniki idan sun kai nisabi, wanda ya yi daidai da kimanin giram 85 na zinari, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Ka ƙara da sunan dillalinka da lambar asusunka ta CSCS, sannan ka nuna wa uwargida ko babban ɗanka inda littafin yake ajiye, don akwai ɗimbin rabon riba da ke kwance ba a karɓa ba a ƙasar nan, wani kason saboda magada ba su ma san marigayi ya mallaki hannun jari ba.